Rantsuwar Yayanmu a Filin Tasawa

Kwanan baya a ajinmu na yaƙi da jahilci mushe, wato malaminmu, ya makara, sai wani ya kunna rediyo a wayarsa don mu rage zama. Muka tarar ana labarin wata gardama ta ƙasashen Turawa. Wai akwai waɗanda aka haifa maza, daga baya suka koma mata, kuma suna so su shiga tseren gudu tare da mata. Wasu sun ce a bar su, wasu sun ce an cuci sauran matan. Nan take aji ya kaure da surutu. Mai gyaran babur ya ce in haka ne shi ma gobe zai ɗaura zanen matarsa ya je ya ciwo kyauta. Mahaucin unguwarmu ya dubi tumbinsa ya ce, "Kai da wannan randar, ko tsohuwa mai sanda sai ta tsaya ta jira ka." Aka yi dariya. Wani dattijo da ke zama a gaba ya ce shi bai ga abin dariya ba, tausayin 'yan matan yake ji, su sha wahalar horo shekara da shekaru, a zo a wuce su da ƙashin da ba irin nasu ba.

Aka juyo gare ni aka ce, "Kai fa, ba ka ce komai ba."

Na ce ban san mutanen ba. Gaskiya na faɗa. Ban san su ba, ban san abin da ya dace a yi da su ba, kuma labarinsu daban yake da wanda ke cikina. Amma na taɓa tsayawa a fili inda aka nuna mutum da yatsa aka ce a kai shi ɗaki a duba. Wadda aka nuna ƙanwata ce. Wanda ya nuna ta yayanmu ne.

Mu uku ne wurin mahaifinmu, a wani ƙauye da ke cin kasuwar Gidan Amumune. Na farko Babba muke ce masa. Uwarsa daban, ta rasu tun kafin a auro tamu. Sai ni. Bayan shekaru masu yawa, har an cire rai, Inna ta haifi Auta. Ungozoma ta ce mace, aka yanka rago, aka huda mata kunne. A shekarar ce kuma matar Babba ta haifi ɗiyarta ta fari, don haka Auta da ɗiyar Babba tare suka tashi, gwaggo da ɗiyar wa, kwano ɗaya, tabarma ɗaya.

Auta ta tashi doguwa, kafaɗa a buɗe, murya mai kauri. In ta yi sallama daga bayan danga, baƙo sai ya ɗauka saurayi ne. Sa'o'inta suka fara cika riga, ita tana nan miƙe kamar kara. Abin da ke ƙarƙashin zanenta ban taɓa tambaya ba, ba hurumina ba ne. Abin da na sani shi ne ita ke daka, ita ke tatsar awaki, ita ke yi wa Inna kitso, kuma duk gidan ba wanda ya kai ta son lalle. Sannan tana da gudu. Akuya ba ta kuɓuce mata. In Inna ta aike ta ƙauyen da ke bayan tudu, kafin a tsammace ta sai a ji muryarta a bakin ƙofa, ko haki ba ta yi.

Shekarar da nake magana, sojoji ne a kan mulki, ruwa kuma ya ɗauke gero yana ciki. Muka girbe kara. Tun sanyi bai wuce ba rumbuna suka koma ɗakin kaji. Samari suka tafi cin rani Najeriya. Ni na zauna saboda Baba, idonsa ya mutu, sai an ja masa sanda. Mata suka koma ɗiban anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Ta kusa da gari ta ƙare, sai an yi nisa, kuma wadda ta riga zuwa ita ke cika ƙwarya. Auta ke riga kowa. Ƙafarta ce ta riƙe gidanmu a watannin nan, har da sashen Babba, wanda ya fi mu bakunan ci.

Ana cikin haka mai shela ya zaga ya ce kumandan, sojan da aka ɗora a kan yankin, ya shirya wasannin matasa a Tasawa don a nuna ƙasa tana nan da ƙarfinta. Kokawa, langa, tseren maza, da tseren 'yan mata. Mutane suka yi tsaki, suka ce wanda bai ci ba ina shi ina gudu. Da mai shela ya ƙara da cewa wadda ta zo ta ɗaya za a ba ta buhun masara, tsakin ya tsaya. Iyayen da a da ba za su yarda ɗiyarsu ta yi gudu gaban maza ba suka ce ai in da wando a ƙarƙashin zane da kallabi a kai, ba laifi.

Aka fara tankaɗen masu gudu a Gidan Amumune ran kasuwa. Auta ta zo ta ɗaya, ɗiyar Babba ta biyu. Ran nan Babba har rawa ya taka, yana cewa gidansu ya cinye gari. Ɗiyar tasa kuwa ta sa abin a ranta. Kullum da sassafe sai ta zaga gonarmu da gudu, ciki ba komai, ta dawo ta kwanta a gindin danga tana numfashi. Auta ba ta yi horon komai ba, anzarta take ɗiba.

Aka ɗauke mu a babbar mota zuwa Tasawa, da mu da mai gari da sarkin samari. A hanya ɗiyar Babba ta ce, "Gwaggo, ki dai riƙa waigowa, in san ban ɓata hanya ba."

Auta ta ce, "Ke dai ki biyo ƙura. Duk wadda ta ci, ai gidanmu buhun zai kwana."

Babba yana zaune kusa da ni, ya ji da kunnensa.

Filin yana gaban wata lakwal, wato makarantar boko. An kafa rumfa, kumandan a tsakiya da baƙin gilashi, manyan gari hagu da dama. 'Yan matan lakwal na Tasawa suka fito da takalma, wata madam, malamarsu, tana gyara musu tsayuwa. Namu ƙafa tsirara. Aka busa usur. Ban ga tsere ba, na ga Auta tana tafiya, na ga sauran suna bin ta. Da ta kai igiya sai ta juyo ta tsaya tana jiran ɗiyar wanta, wadda ta ture 'yan lakwal ɗin duka ta zo ta biyu, ta faɗi a jikin gwaggonta.

Ana cikin tafi na ga Babba ya ratsa jama'a ya nufi rumfa. Na ɗauka godiya zai yi. Ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, akwai magana. Wadda ta zo ta ɗaya ba mace ba ce."

Kumandan ya cire gilashi. "Kai wane ne?"

"Yayanta ne, uba ɗaya. Gida ɗaya muke kwana."

"Da me ka sani?"

"A tambayi matan gidanmu. Ta isa aure tuni, amma ba ta taɓa fashin salla ba. Azumi kuwa cikakke take kaiwa, ba a taɓa ganin ta tana ramuwa ba."

Dariya ta taso daga bayan maza. Sai a lokacin na gane ashe duk shekarun nan akwai mai ƙirga wa yarinyar nan salla a cikin gida. Alwalar da take yi a bayan ɗaki, matar Babba tana kallo tana kai wa mijinta.

Gardama ta tashi a rumfa. Madam ɗin nan ta ce yaranta sun shekara suna horo, in akwai shakka a duba, don ba adalci ba ne a haɗa su da wanda ba su san ko mene ne ba. Wani tsohon alƙalin kokawa ya ce, "In Allah ya yi ta doguwa, yanke mata ƙafa za mu yi? Ko a kokawa wani ya fi wani ƙashi, ba mu taɓa korar kowa ba."

Madam ta ce, "Shi ya sa ba ku taɓa haɗa mace da namiji a fage ba, Baba."

Rana ta take, kumandan ya gaji. Ya dubi Babba ya ce, "Za ka rantse?"

Babba ya ɗaga hannu. "Na rantse da Allah namiji ne. In ƙarya nake, kada Allah ya ba ni amfanin gonar ubana."

Kumandan ya sa aka kira ungozomar likita da tsofaffin mata biyu, ya nuna wani aji ya ce su shiga da ita. Auta tana tsaye, zufa tana bin wuyanta. Ta dubi ajin, yara sun riga sun hau tagogi. Ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Ranka shi daɗe, ba zan kwance zane don buhun masara ba." Ta juya ta nufi inda motarmu take. Aka ce ai ga shi nan, ta ƙi, ta tabbata.

Na yi kan Babba. Wani jandarma ya tare ni da gindin bindiga a ƙirji, ya ce in na ƙara taku zan kwana a wurinsu. A zamanin nan in an kai mutum, ba a san ranar fitowarsa ba, ga makaho a gida. Na tsaya.

Aka kira ɗiyar Babba a ba ta buhu. Ta ɓoye hannuwanta a baya tana kuka. Uban ne ya ɗauka a ka. Mota ɗaya muka dawo, buhun a tsakiyarmu, kowa ya janye ƙafarsa kada ta taɓa shi, ban da Babba da ya jingina da shi. Auta tana kallon daji. A cikin motar nan na ɗauki abin na ajiye a raina yadda ake ajiye iri, a wuri mai bushewa inda ɓera ba ya kaiwa.

Washegari Babba ya aiko da tiya guda, kwanon awo ɗaya na masarar, wai na Baba. Tsoho makaho mai jin yunwa ba a ce masa kada ya ci. Auta ce ta surfa, ta daka, ta tuƙa masa tuwo, ta ajiye a gabansa ta kama hannunsa ta ɗora a kan kwanon. Ita ba ta ɗanɗana ba, ni ma haka. Har yau in na ji ƙamshin tuwon masara sai in bar wurin.

Labari ya riga mu isa gari. Saurayin da ya kawo mata kayan tambaya ya turo gwaggonsa ta kwashe. In Auta ta iso rijiya da safe sai hira ta mutu, masu shayarwa su juya baya, wasu su ja zane su rufe ƙirji. In an yi haihuwa ta je barka, a tsakar gida ake karɓar gaisuwarta, ba a ce ta shiga wurin mai jego. Ta daina zuwa rijiya sai da tsakar rana, lokacin da ba kowa sai shanun Fulani. Ta daina lalle.

Wanda ya fi min ciwo shi ne ranar da Inna ta rasu. Matan da suka zo wanka suka tarar da Auta a ɗakin, ta riga ta ɗora ruwa, ta fito da likkafani. Babbarsu ta ce, "Ɗan ba mu wuri." Auta ta ce, "Uwata ce." Matar ta ce, "Mun sani. Amma yayanki ya rantse, mu kuma ba za mu ɗauki alhaki ba." Ta fito ta zauna a kan turmi. Ba ta zo wurin maza ba, ba a bar ta wurin mata ba, a kan turmin nan ta yi zaman makokin uwarta.

Na daɗe ina juya maganar madam ɗin nan ta Tasawa. Ba na jin haushinta. Ba ta san Auta ba, yaranta take karewa, kuma ni ma na ga yadda tazarar take. Ɗiyar Babba ta taɓa ce mini, "Baffa, ko da na mutu a filin nan ba zan kamo ta ba." Ko hakan adalci ne ko ba adalci ba, wannan ya fi ƙarfin kaina. Amma Babba ya goya Auta a wuyansa tana ƙarama. Bai san komai ba ban da gulmar matarsa, kuma ya san bai sani ba, ya ɗaga hannu ya kira sunan Allah. Ya kuma ji ta ce buhun gidanmu zai kwana. Abin da bai so ba shi ne buhun ya shiga ɗakin Inna a riƙa auna masa.

Ban yi gaba da shi ba. Kullum da safe ni ke fara gaishe shi. In ya kira gayya ni ne farkon zuwa da hauya. In an yi masa haihuwa ni ke riƙe ragon. Ya ari jakina ya dawo da shi da gyambo, na ce ba komai. Mutane suka riƙa cewa ba su taɓa ganin mai haƙuri irina ba. Ba haƙuri nake ba, jira nake, kodayake a farko ban san abin da nake jira ba.

Na gano shi wata la'asar a ƙofar masallaci, liman yana karanta wa almajiransa manya babin gado. Ya ce namiji yana da rabon mata biyu, wannan kowa ya sani. Sai ya ƙara da cewa in wani cikin magada ya yi iƙirari da bakinsa a kan wani abu, sauran kuma ba su yarda ba, to shi maganar take kamawa, daga rabonsa ake cirewa. Na tambaye shi ya maimaita, ya maimaita. Na koma gida na ci tuwo da yawa a ranar.

Daga nan aikina ya zama kula da shaidu. Duk sanda na zauna da mai gari ko sarkin samari, in hira ta yi daɗi sai in ce, "Wai me ma Babba ya ce ran nan a Tasawa? Na manta yadda ya jera ta." Sai su faɗa mini, kalma bayan kalma, har da ɗaga hannu. In shekara ta zagayo in sake mantawa. Sojoji suka tafi, farar hula suka zo, damina ta yi kyau ta yi muni, sarkin samari ya yi furfura ya bar sarautar, amma rantsuwar tana nan sabuwa a bakinsu.

Baba ya daɗe ƙwarai. Da Allah ya karɓi abinsa, bayan sadakar arba'in Babba ya kira ni ya ce mu raba gona. A garinmu ba a saba yanka wa ɗiya mace ƙasa ba. Maza ke rabawa, ita kuma a riƙa ba ta dami da kaka. Ya ce, "Mu raba biyu, Auta ta ci a hannunmu." Na ce to, amma a kira liman da mai gari don kada 'ya'yanmu su yi rigima a bayanmu. Ya ce na yi tunani.

Da hantsi na sami Auta tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na ce, "Auta, ina so in ta da maganar Tasawa."

Hannunta ya tsaya. "Za a sake cewa in shiga ɗaki?"

"Ba wanda zai taɓa ki, ba wanda zai tambaye ki komai. Shi za a tambaya."

Na faɗa mata yadda abin yake. Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa, sannan ta ce, "Yaya, ni gona ba ta dame ni ba. In za ka yi, ka sa ya faɗa inda mata za su ji."

Gonar Baba tudu ce ta gangara zuwa kwari. A kwarin akwai itatuwan gawo, inda dabbobi ke kwana da rani, gero a wurin yakan fi mutum tsawo. Babba ya daɗe da sa ido a kansa, har ya fara kai taki. A gindin babban gawon aka taru, da liman, da mai gari, da tsohon sarkin samari, da maƙwabtan gona, da 'ya'yan Babba maza riƙe da igiyar awo.

Babba ya ce, "Allah gafarta Malam, abin ba wuya. Maza biyu ne."

Na ce, "Uku."

Ya juyo yana murmushi. "Baba ya bar wani a Najeriya ne ba mu sani ba?"

"Ni dai ƙanwa gare ni, kuma har in mutu haka zan ce. Amma kai ka rantse gaban hukuma ƙane gare ka. Mai gari yana wurin."

Mai gari ya gyara zama ya faɗi rantsuwar tun daga farko. Da ya kai ƙarshe tsohon sarkin samari ya ce, "Ka bar guda. Ya ce in ƙarya yake kada Allah ya ba shi amfanin gonar ubansa." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Wagga ke nan."

Babba ya ce, "Haba, maganar filin wasa ce. Wa ke riƙe irin wannan?"

Liman ya ce, "Da sunan Allah aka yi wasan?" Sannan ya ce tun da an kira shi, da abin da ke cikin littafi zai raba, ba da al'ada ba. Ɗiya mace tana da rabonta, wannan ba gardama. Ni da na ce mace ce, a kan haka za a auna mini. Babba da ya rantse namiji ne, a wurinsa rabon namiji take bi, kuma abin da ya ƙaru daga nasa za a yanka. Aka ja igiya don a gani. Rabon Auta ya faɗo tsakaninmu, ƙarin kuma ya ci cikin kwarin, ya haɗiye gawo biyu da takin da Babba ya zuba.

Wani maƙwabci ya ce, "Babba, masarar nan dai ta yi tsada." Aka yi dariya irin wadda aka yi a Tasawa. Na saurare ta sosai, na ji daɗinta har cikin ƙashina.

'Ya'yansa suna kallonsa. Ya share zufa ya ce, "Malam, yunwa ce. Yara cike da gida, ƙaramin har ya fara kumburi."

Gaskiya ne, na ga yaron a lokacin da idona. Na duba raina ko zai motsa, bai motsa ba. Na ce, "Ita da anzarta ta riƙe shi kafin masara ta zo."

Liman ya ce, "Ba dogon zance. Mace ce ko namiji?"

Ya dubi gawon, ya dubi igiyar. "Mace ce."

Liman ya ce rantsuwar ƙarya irin wannan ta wuce kaffara, sai tuba da neman gafarar wadda aka zalunta. Babba ya ce ya tuba, ya miƙe yana kakkaɓe riga kamar an gama. Na ce, "Allah gafarta Malam, nan duk maza ne. Matan da suka fitar da ita daga ɗakin gawar uwarta ba su ji ba." Mai gari ya ce wannan haka yake. Ya ce ba za a kafa iyaka ba sai Babba ya je rijiya da safe, lokacin da mata suka cika, ya faɗa da bakinsa.

Namiji mai furfura tsaye a bakin rijiya da safe, ba guga ba jaki, abin kallo ne ko bai ce komai ba. Na tsaya daga nesa kusa da mai gari. Auta ta zo da tulunta, karon farko da rana ba ta take ba tun shekarar yunwa. Babba ya yi magana yana kallon ƙafarsa. Tsohuwar nan da ta ce a ɗan ba su wuri tana nan, ta kama kunne ta ce, "Me ya ce? Ɗaga murya, ɗan nan, a Tasawa an ce har bayan fili an ji ka."

Ya ɗaga. Ya ce ƙarya ya yi, bai san komai ba, ƙanwarsa mace ce, ya nemi gafararta da ta Allah. Sai ɗiyarsa, wadda ta yi aure a cikin gari, ta fito daga cikin mata da goyo a bayanta. Ta kwance majanyi ta miƙa wa Auta jaririn ta ce, "Gwaggo, riƙe min in ja ruwa." Auta ta ajiye tulu ta karɓe shi. Wata ta matsa ta ba ta wuri a kan kututture. Kafin Babba ya kai bakin hanya hira ta tashi a bayansa, an koma maganar tsadar kanwa.

Auta ba ta yi aure ba, ba ta kuma sake gudu ba. Amma tana shiga ɗakin mai jego, kuma bara da tsohuwar nan ta rasu, ita aka kira ta zuba ruwa. Ta koma sa lalle. Ta ce ta yafe wa Babba. Wannan nata ne, ban hana ta ba. Ni ba ni aka nema gafara ba, ban kuma bayar ba.

Rabonta na mace aka ba ta, yana bakin hanyar da Babba ke bi zuwa kwarinsa. Ni na dasa mata gamba a kan iyaka. Kowace damina in ta gama shuka geronta, sai in zo in shuka layi ɗaya na masara a gefen hanyar, tun daga farko har ƙarshe. Masara ba ta son yashinmu, da ƙyar take kai gwiwa, ba ta taɓa yin goyon kirki ba. Auta takan ce, "Yaya, kana ɓarnar taki." Nakan ce ta bar ni. Da safe in zauna a kan tudu in jira shi. Sai ya biyo layin nan duka, hauya a kafaɗa, ya ce mata sannu da aiki, ta amsa masa da muryar nan tata, sannan nake tashi in kama nawa noman.